Igiyar Gwaggo Ta Je Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai a tambaye ni, a majalisarmu ta bakin tsohuwar tashar jirgi a nan Ƙaura a tambaye ni, har mai shayin ƙofar makaranta sai da ya ce in ba shi labarin Nijar. Na ba su na burodi mai tsawon sanda, na ba su na jandarman da ya nemi akuya a jakata, an yi dariya an watse. Amma akwai wurin da nake tsallakewa kullum, kuma tsallakewar ta fara damuna fiye da faɗin. Shi ya sa na zauna na rubuta shi duka.

Da Sufyanu muka yi tafiyar. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina da ke aure a Badarawa, wato taubashina. Wanda ya san taubasai ya san ba a gaisuwar arziki tsakaninsu. Ni in ce masa bawana, shi ya ce min bawansa, a zagi juna a gaban manya, babu mai cewa an yi laifi. Aji ɗaya muka yi tun daga firamare, kuma ba yabon kai ba, ni ke zuwa na ɗaya, shi na biyu ko na uku. Shekarar da aka yi jarrabawar tafiya karatu waje ita ce shekarar da mahaifina ya rasu, ya bar mini ƙanne bakwai da gona. Sufyanu ya tafi, ni na tsaya. Yau shi Dakta ne a wani ɗakin bincike a Turai, ni kuwa Malam Murtala mai koyar da ilimin halittu a sakandare, da alli a gefen riga. In an ce ban ji komai ba duk shekarun nan an yi ƙarya. Duk hoton da ya turo cikin farar riga sai na buɗe shi na ƙara girmansa ina neman aibi.

Abin da ya kawo shi gida shi ne wata makaranta a Maraɗi mai horar da ma'aikatan ɗakin gwaji. Suna son buɗe ƙaramin ɗakin bincike, suna neman wanda zai riƙe shi. Ɗalibansu da Faransanci suka yi karatu, shi kuma Turanci da yaren ƙasar da yake ya iya, don haka aka ce ya zo ya yi darasin gwaji da Hausa. In suka gamsu, aikin nasa ne, ya dawo kusa da uwarsa, tafiyar yini ɗaya.

Badarawa muka fara zuwa don sallamar Gwaggo. Daga Ƙaura muka bi ta Moriki, ranar ba kasuwa ba ce, hanya shiru, direba na ta gudu ba ya ko kallon gefe. Mun isa bayan azahar. Gwaggo ta tsufa, idonta ya rage, amma hannunta bai daina tufkar igiya ba. Ba ta kiran sunan Sufyanu, ɗan fari ne. Ni ta rungume, shi kuwa ta ce da iska, "An iso lahiya?" ta tura masa kwanon fura da ƙafa.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida ya ciro waya ya ce in ga aikinsa. Wani ɗigo ne kore a cikin duhu, yana ta rawar jiki, ya yi nan ya yi can, amma ba ya barin wurinsa. Ya ce wannan cikin cibiyar ƙwayar halitta ce, inda zaren gado yake. Wannan na sani, ina koyar da shi: zare ne da in an miƙe na ƙwaya ɗaya zai kusa kai mita biyu, an nannaɗe shi a kan wasu ƙananan dunƙulen furotin, an cusa a wurin da ido ba ya gani. Zaren da dunƙulen a haɗe su ake ce wa kiromatin. Abin da ban sani ba shi ne ana iya liƙa wa wuri ɗaya na zaren alama mai haske a ɗauki motsinsa yana raye. Ya ce zaren ba ya hutawa, ƙananan abubuwan da ke kewaye da shi suna ta bugunsa ta kowane gefe, ga injinan da ke karanta shi suna ja. Amma duk da haka ba ya nisa. Aikinsa na shekaru shi ne gano abin da ke riƙe shi.

Na ce, "To in ya yi nisa fa, ina ruwan wani?"

Ya ce da ruwan kowa. In zaren ya tsinke, bakin nan biyu sai suna kusa za a iya ɗinke su. In ɗaya ya yi yawo ya haɗu da bakin da ba nasa ba, irin wannan kuskuren na cikin abin da ke haifar da ciwon daji. In kuma an matse shi ƙwarai, wuraren da ya kamata su taɓa juna don a kunna wani aiki ba za su haɗu ba. Daga nan ya shiga lissafi, Hausar ta gudu ta bar shi, ya koma zuba Turanci yana zana layuka a ƙasa da tsinke.

Ni kuwa idona na kan akuyar Gwaggo da ke ɗaure a turke. Ta cinye ciyawar da ke kewaye da ita, ta bar fili zagayayye tas, iya tsawon igiyarta.

Na ce, "Kai bawa, duk wanga Turanci akuyar Gwaggo kaka nuhi. Ga ɗigonka can. Ba ta tsaya ba tun da munka zauna, kuma ba ta wuce inda igiya tat tsaya ba."

Ya ƙura wa akuyar ido. Ya ce haka ne, wasu sassan zaren a ɗaure suke da bangon cibiyar, su ne suka fi ƙarancin motsi. Amma na tsakiya fa, waɗanda ba su taɓa bango? Na ce ya tuna yadda dillalai ke kora awaki zuwa kasuwar Shinkafi, goma a igiya ɗaya. Ta tsakiya ba turke gare ta ba, amma ta gaba na ja, ta baya na ja, ina za ta? Kuma ko an sake ta, in ta shiga tsakiyar kasuwa ranar Alhamis, cunkoso kaɗai ya ishe ta.

Sufyanu ya miƙe tsaye. Ya ce abubuwa ukun da ya shekara yana aunawa ke nan, ɗauri da sarƙa da cunkoso. Ya ce, "Wallahi kai za ka hisshe ni." Nan take ya tsara yadda za a yi. Zan tafi da igiya da turke. In ya kai wurin da ya ga ɗalibai sun ɓace, zai cire hularsa ya aje a tebur. Ni kuma in fito, in jera ɗalibai su riƙe igiyar, in ba ɗaya turke, in nuna musu da jikinsu. Na ce to. Daɗi ya kama ni, amma wani abu ya biyo bayan daɗin: a minti biyar na faɗi abin da aka ba shi Dakta a kansa, kuma shi za a tafa wa.

Da safe Gwaggo ta kira ni ɗakinta ni kaɗai. Ashe duk shirin da muka yi a tsakar gida a kunnenta aka yi shi. Ta ɗauko sabuwar igiyar rama da ta tufka da hannunta, ta naɗe ta a gwiwar hannu, ta ɗaure da wani ƙulli nata da ba wanda ya iya shi a gidan, mai kunne biyu da ake cusa bakin igiyar a ciki. Ta miƙo mini tana riƙe da hannuna.

Ta ce, "Murtala, ni ba ni iya ce mai shi dawo, ka san ba a yi. Amma kai ɗan wana na, kai nika gaya ma. Na gaji da jin murya tai cikin waya. In wagga igiya ta ka maido shi kusa, to ka kama mai."

Na ce, "In sha Allahu, Gwaggo." Na sa igiyar a jaka tare da wani guntun turke.

Sai da muka koma Ƙaura sannan muka kama hanyar Zurmi. A Zurmi aka tsaya, domin ba mota ɗaya ke shiga dajin da ke gaba ita kaɗai ba, sai an taru an yi jerin gwano. Awa biyu muka yi a tasha muna cin hoce da ƙuli a wurin wata mata da ta ce ta san mahaifina. Direbanmu, wani siririn mutum ɗan Jangeru, ya ƙare wa Sufyanu kallo tun daga tabarau har takalmi, ya girgiza kai.

Ya ce, "Alhaji, hidda agogon ga da gilashin ga. Kuma kai malam, ka bar ce mai Dakta cikin mota ta. In anka tare mu, shi za a hwara ɗauka."

Haka Sufyanu ya tuɓe shaddarsa ya sa tsohuwar rigata ta zuwa gona da na zo da ita don barci. Ba zan ɓoye ba, awannin nan uku na cikin daji, da kowa ya yi tsit yana motsa baki da addu'a, ni har da wani sanyi a raina. Ga mu mu biyu, ba mai iya cewa wane ne ya je Turai. Mu biyar aka cusa a kujerar baya, gwiwar wani ɗan kasuwa a haƙarƙarina. Sufyanu ya raɗa mini cewa haka cibiyar take yi in ƙwayar halitta ta ratsa matsattsen wuri, a latse ta har zaren ciki ya canja yadda yake motsi. Na ce ya yi mana shiru, mutane na neman tsira yana neman misali.

Mun fita lafiya, muka wuce Jibiya muka isa iyaka. Ta ɓangarenmu aka duba takardu aka sallame mu. A ɓangaren Nijar wani jandarma mai furfura a gemu ya ce in buɗe jaka. Ya ciro turke, ya ciro igiya, ya juya su.

Ya ce, "Ga igiya, ga turke. Ina akuyar?"

Kafin in buɗe baki Sufyanu ya nuna ni ya ce, "Ga ta nan tsaye." Jandarman ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce lallai mu taubasai ne. Ya ƙara duba ƙullin, ya ce wannan hannun tsohuwa ne, ba zai kwance ba don ba zai iya mayarwa ba. Ya maida mini kayana.

Maraɗi gari ne kamar namu kuma ba kamar namu ba. Hausa ɗaya, sallah ɗaya, amma makaranta lakwal ce, malami kuma mushe. Burodinsu dogo ne mai tauri, ana rataya shi a bayan babur ba leda, na ciji ɗaya sai da dasashina ya yi jini. Shayinsu ba a kofi ɗaya ake gamawa ba, zagaye uku ne a ɗan ƙaramin gilashi, wanda ya tashi bayan na farko ya yi rashin ladabi, ni kuwa na tashi sai da aka jawo ni. Da rana tsaka gari ke mutuwa, ofis da kanti a rufe sai la'asar. Dambun zogalensu kuwa, gaskiya ya fi na gidana, ko da yake ban faɗa wa maiɗakina ba.

A masaukin makarantar ne abin ya faru. Wanda ya tarbe mu, wani Mushe Isufu, ya riƙe hannun Sufyanu da hannu biyu yana ta "Dakta, Dakta". Ya karɓi jakarsa ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ya ce an gyara wa Dakta ɗaki a sama, direba kuma akwai tabarma a ɗakin maigadi. Sufyanu ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Bawana na, ko'ina kunka aje shi daidai na." Sai da ya gama dariyar sannan ya gyara, ya ce ɗan'uwansa ne, malami ne babba. Mushe Isufu ya ba da haƙuri, aka ƙara katifa a ɗakin sama. A gida da ya faɗi wannan maganar da na rama da wadda ta fi ta. Amma a nan ina tsaye da jakunkuna biyu a hannu, a gaban mutanen da suka riga suka yarda, maganar ba ta fita daga raina ba.

Washegari da hantsi aka taru a wani zaure. Ɗalibai sun kai hamsin, kowa da littafi mai layin murabba'i da biro ja da shuɗi da rula, ba sa rubuta kan magana sai sun ja layi a ƙarƙashi. Shugaban makarantar da manyan malamai na gaba. Ni ina layi na biyu, jaka tsakanin ƙafafuna.

Gaisuwa da godiya sun tafi daidai. Ya nuna ɗigon kore a bango, aka yi ta mamaki. Da ya zo bayanin abin da ke riƙe zaren, sai Hausar ta fara tsinkewa. Ya ce su ɗauka taliya ce a kwano. Ya ce su tuna jirgin ƙarƙashin ƙasa da safe, a garin da ba wanda ya taɓa ganinsa. Turanci ya fara shigowa, kalma ɗaya, biyu, sannan jimla sukutum. Na ga birurruka suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Sai ya cire hularsa ya aje a tebur.

Na gani sarai. Na sunkuyar da kai ina duban takalmina. Abin da na ce wa kaina shi ne bari ya ɗan ji, minti ɗaya kawai, ya san bawan nan na da rana. Minti ɗaya ya wuce. Ya ɗauki hular ya sa, ya yi 'yan jimloli, ya sake cirewa, wannan karon har da ɗan buga ta a tebur. Hannuna na kan zip ɗin jaka. Na tuna zai samu ɗakin bincike da sunansa a ƙofa, a nan kusa da gida inda kowa zai riƙa zuwa gani, da akuyata da kasuwata, ni kuma in koma wa allina. Hannun ya ƙi motsi.

Wani dattijon malami ya ɗaga hannu ya ce, "Dakta, mun ga shina motsi, mun ga ba ya nisa. To mi ka riƙe shi?"

Tambayar ke nan da amsarta ke cikin jakata. Sufyanu ya dube ni kai tsaye. Tun da muka tashi bai taɓa kirana da sunan girma ba, ranar ya yi.

Ya ce, "Malam Murtala, ko za ka taimaka muna?"

Na ce, "Ci gaba, Dakta, muna saurare."

Wasu suka yi 'yar dariya, sun ɗauka ladabi ne. Ya tsaya kamar mai neman abin da ya faɗi a ƙasa, sannan ya juya ga allo ya cika shi da lissafi har lokaci ya ƙare. An tafa, irin tafin da ake wa baƙo.

Shugaban bai ja mu da nisa ba. Bayan an ci abinci ya ce ilimi kam ba a magana, amma ya tambayi ɗalibai biyar abin da suka ɗauka, ba wanda ya iya maimaitawa, su kuwa mai koyarwa suke nema kafin mai bincike. Sufyanu ya yi godiya, ya ce gaskiya ne.

Na jira ya zage ni. A masauki bai yi ba, a iyaka ma bai yi ba. A daji ya sake sa tsohuwar rigata, ya jingina kai da gilashi. Da muka iso Zurmi ya sauka ya sayo hoce, ya miƙo mini rabi kamar yadda muke yi tun muna yara. Da ya mare ni da na fi samun sauƙin haɗiyewa. Bai ƙara ce min bawa ba har muka isa Badarawa.

Gwaggo na zaune a bakin ɗakinta. Ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta ce dai an dawo lahiya. Na ciro igiyar na aje a gabanta don in rabu da ita. Ta lalubo ta, yatsunta suka bi naɗin har suka kai ƙullin. Kunnuwan nan biyu na nan yadda ta bar su. Ta daɗe tana shafa su.

Ta ce, "Ba a kwance ta ba."

Sufyanu ya yi saurin cewa, "Inna, wasa na irin namu. Ya so shi ga ko ni iya ni kaɗai. Kuma ko da ya hito, ba lalle su ɗauke ni ba."

Ba ta juya wurinsa ba. Ni ta fuskanta, da idon nan da ba ya gani sosai.

Ta ce, "Na girma cikin taubasai, Murtala, na kuma tsuhwa cikinsu. Wanda yay yi wasa, in ya dawo gida shi ka hwara ba da labari shina dariya. Kai ko tun da kash shigo ba ka dube ni ba."

Ta turo mini igiyar da bayan hannu, ta ce in tafi da ita, ba ta da abin ɗaurewa da ita.

Sufyanu ya koma Turai bayan kwana shida, ni na raka shi tashar Gusau na ɗaukar masa jaka. Yana kiran Gwaggo duk Juma'a, a wayata, domin tata ba ta jin magana sosai. Ni ke hawa mota in kai mata Badarawa, in riƙe mata wayar a kunne har su gama.